Yadda ake shirya taron karrama tsofaffin ɗalibai da mutanen gari a makaranta

Wanda aka ɗora wa shirya taron karramawa karo na farko yakan fara da tambayar kuɗin hayar rumfa da kujeru. Wannan ya jira tukuna. Na sha zama a kwamitin irin wannan taro a makarantun Garwa da kewayenta, a arewacin Kamaru, na gwamnati da masu zaman kansu, kuma duk inda na ga an watse ana gunaguni, tushen gunagunin bai wuce tambaya ɗaya ba: wa aka karrama, kuma me ya yi? Saboda haka zan daɗe a kan zaɓen mutane, sauran kuwa in bi su da sauri. Ka ba kanka wata uku daga zaman farko zuwa ranar taro.

Abubuwan da za ka tanada

- Littattafai biyu masu kaurin bango, ɗaya na rubuta abin da aka yanke a kowane zama, ɗaya na shige da ficen kuɗi, tare da kundin rasit.
- Tsofaffin rajistocin makaranta da littafin ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE. A ciki ake gano wanda ya yi karatu a wace shekara da wanda ya taɓa ba da wani abu.
- Takardar shaidar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, in kuna da ita.
- Lambar Orange Money ko MTN MoMo da aka ware don wannan aiki kaɗai.
- Katin gayyata, takardun shaida masu kauri, firam, da kyaututtuka.
- Rumfuna, kujeru, darduma, tebur mai mayafi, lasifika, makirfo biyu, janareto da mansa.
- Tutar ƙasa.
- Ruwan sha mai yawa, butoci da tabarmi don masu salla.
- Mai ɗaukar hoto ɗaya wanda kuka yi ciniki da shi, ba ɗan wani da wayarsa ba.

1. Ka fara da shugaban makaranta, sannan ka kafa kwamiti

Ko da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce za ta biya komai, makarantar tana da mai ita. Ku je ku biyu ko uku wurin shugaban makaranta da takarda a hannu, ku faɗa masa nufinku. Shi zai sanar da ofishin wakilin ma'aikatar ilimin sakandare na yankinku, kuma ta hannunsa za ku sami rajistoci da fili da ɗalibai masu taimakawa. In kuka tsallake shi ya ji labari a gari, ba zai hana ku ba, amma duk mabuɗin da kuka nema sai a ce mai riƙe da shi ya fita.

Kwamiti kada ya wuce mutum bakwai. A sa wakilin makaranta, wakilin APEE, tsofaffin ɗalibai uku daga zamani daban-daban, mace aƙalla ɗaya wadda ake jin maganarta, da dattijo ɗaya na unguwa wanda ya ga ginin makarantar da idonsa. Wannan dattijon shi ne zai tuna muku wanda ya bar gonarsa aka yi filin ƙwallo. Sharaɗi ɗaya za a karanta a zaman farko kowa ya sa hannu: ɗan kwamiti ba ya karɓar lambar yabo a shekarar da yake kwamiti.

2. Ku rubuta sharuɗɗa kafin a ambaci sunan kowa

Nan ne aikin yake. Da zarar an fara kiran sunaye babu sharaɗi a rubuce, kowane ɗan kwamiti zai jawo ubangidansa, kuma babu mai iya cewa a'a ba tare da an ga ya ci mutuncin wani ba. Sharaɗin da nake sawa a gaba shi ne: duk wanda za a karrama, sai an iya nuna aikinsa da yatsa, ko a kawo mutum biyu da suka amfana su faɗa da bakinsu. Aji da ya gina, rijiya da ya haƙa, bencina da ya kawo, kuɗin jarrabawar BEPC ko Bak, ta kammala ƙaramar sakandare da babba, da ya biya wa marayu, darasin kyauta da ya riƙa bayarwa da yamma. Muƙami shi kaɗai ba aiki ba ne. Tsohon ɗalibi yana iya zama babban darakta a Yawunde ko a kamfanin auduga na Sodecoton, mu yi alfahari da shi, mu ba shi kujerar gaba, amma in bai taɓa waiwayar makarantar ba, ba shi da takardar shaida a wannan taro. Sau da yawa ma zaman da ya yi yana kallon ana kiran wasu shi ke sa ya aiko da siminti kafin shekara ta zagayo.

Ku raba lambobin gida uku ko huɗu: tsofaffin ɗalibai, malamai da ma'aikatan da suka yi ritaya, mutanen gari, da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Gidan mutanen gari shi ne aka fi yi wa sakaci, kuma shi ya fi taɓa zuciyar jama'a. A wannan yanki namu yaro yakan taso daga ƙauyen da ba shi da lise, wato makarantar sakandare, daga wajen Pitowa ko Lagdo ko bayan Gidar, a damƙa shi ga wani maigida a gari. Akwai gidajen da shekara da shekaru ba su taɓa rabuwa da irin waɗannan yara ba, suna kwana a zaure, suna cin tuwon gidan, ba a karɓi ko dala a hannun iyayensu ba. Akwai mai ƙosai ta bakin ƙofar makaranta da ta riƙa ba yara bashi tana sane ba za a biya ba. Akwai maigadi, akwai malaman da kuɗin iyaye ke biyansu ba albashin gwamnati ba, waɗanda suka riƙe azuzuwa lokacin da malaman da aka turo daga kudu ba su iso ba. Ku ware wa irin waɗannan aƙalla kashi ɗaya cikin uku na lambobin, ku rubuta hakan a littafi, don in ba a rubuta ba manya za su cinye gurbin.

3. Tattara sunaye da bincike

Ku buɗe ƙofa mako uku. A sanar a zaurukan WhatsApp na kowane zamani, a manna takarda a allon sanarwar makaranta, a kuma roƙi masu unguwa da limamai da shugabannin coci na kewaye su faɗa wa mutanensu. Duk mai kawo suna ya amsa abu uku: wane ne, me ya yi, wa zai ba da shaida. Wanda ba ya rubutu ya aiko da saƙon murya cikin Hausa ko Fulatanci, sakatare ya rubuta.

Bayan nan sai a bi kowane suna da ƙafa. An ce wane ya haƙa rijiya? Mutum biyu su je su ga rijiyar, su tambayi wanda ya biya ma'aikata. Za ka sha mamakin yadda aikin taron dangi yake komawa sunan mutum ɗaya saboda shi ya tsaya a hoto ranar buɗewa. In aikin na wani zamani ne na ɗalibai da suka yi karo-karo, a karrama zamanin gaba ɗaya, su zaɓi mai karɓa.

In rajistoci sun ɓata, abin da gara da yoyon rufi suka saba yi mana, kada ka tsaya. Tsofaffin hotunan aji, katin sakamako da mutane suka adana, da bakin tsohon malamin ladabtarwa ko tsohon sakataren makaranta sun isa. Shaidar mutum biyu da ba 'yan gida ɗaya ba ta wadatar.

4. Tankaɗe da rairaya

Kada ku wuce mutum 12. In sun yi yawa darajar abin ta zube, kuma rana za ta kore jama'a kafin a kai ga na ƙarshe. Ku yi ƙuri'a a ɓoye, a takarda, ko da ku bakwai ne kun san juna; wanda ake maganar ɗan'uwansa ko surukinsa ya fita waje har a gama.

Da kun fitar da jerin, ku dube shi gaba ɗaya sau ɗaya. Garuruwanmu gauraye suke: Fulani, Hausawa, Fali, Gidar, Tupuri, Mundang, Kanuri, da 'yan kudu da aiki ya kawo su suka zama 'yan gari, Musulmi da Kirista. In jerin ya fito duk ƙabila ɗaya ko duk maza, kada ku cusa sunan da bai cancanta ba don gyaran fuska. Ku koma mataki na uku, alama ce sanarwarku ba ta shiga wasu unguwanni ba. Sunayen kirki da suka rage a ajiye su a littafi don taro na gaba, kuma kada wani ɗan kwamiti ya je yana ce wa mutum "ai ni na so a sa ka, su wane suka ƙi". Wannan magana ita ke rusa ƙungiya.

5. Rana da wuri

Tsakanin ƙarshen Nuwamba da Janairu ya fi daɗi: ruwa ya ɗauke, zafi bai shigo ba. Maris da Afrilu a Garwa da Marwa zafi yana haura maki 40, babu dattijon da zai iya zaman rumfa. Mayu da Yuni lokacin jarrabawa ne, Agusta kuwa ruwa ne da hutu. Ka kauce wa azumi da ranar Juma'a da Lahadi, da makon 11 ga Fabrairu, ranar matasa, da na 20 ga Mayu, ranar ƙasa, don hukuma da ɗalibai duk hankalinsu yana kan fareti. Ka kuma nisanci lokacin yaƙin neman zaɓe, in ba haka ba taronka zai koma na jam'iyya kana ji kana gani.

Akwai zaɓi mai wuya a nan. Hutun ƙarshen Disamba shi ne lokacin da 'yan Yawunde da Duwala suke hawo jirgin ƙasa zuwa Ngaundere su ƙaraso gida, amma a lokacin ɗalibai sun watse. Ni na fi son Asabar ta ƙarshe kafin a ba da hutu, domin taron da yara ba su gani ba ya rasa rabin amfaninsa. Wuri kuwa harabar makarantar ce, ko da ba ta da kyan gani. Kada ku ɗauke shi zuwa otal.

6. Hukuma da fada

Doka mai lamba 90/055 ta 19 ga Disamba 1990 ta ce a sanar da su-furefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, taron jama'a aƙalla kwana uku kafin ranar, in kuma akwai jerin gwano a kan titi, kwana bakwai. Kada ka tsaya a kan kwana ukun nan. Kai takardarka mako biyu kafin lokaci, da sunayen masu shiryawa da wuri da sa'a da manufar taro, ka karɓi takardar shaidar cewa ka sanar, ka sa ta a aljihu ranar taro. Ita kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, doka mai lamba 90/053, ita ma ta 19 ga Disamba 1990, ita ce ta tanadi a yi mata rajista a ofishin furefe, jami'in da ke sama da su-furefe. In ba ku yi ba tukuna, ku gudanar da taron da sunan makaranta ko APEE, ku ci gaba da neman taku takardar.

Fada ba a aika mata kati ta hannun ɗan acaɓa. Ku fara da jauro ko lawani, wato mai unguwar da makarantar take, ko Sarkin Hausawa in ta wurinsa kuka fi kusa, shi zai yi muku iso wurin Lamiɗo, sarkin gari. Ku je da dattijonku da goro, ku cire takalmi, ku bar dattijo ya yi magana. Kafin ku fito ku tambayi fadawa ko mai martaba da kansa zai zo ko wakili zai turo, da mutum nawa. Lamiɗo ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai dogarai, akwai masu algaita, kuma duk suna bukatar wuri.

7. Kuɗi

Doka ɗaya ce, kuma ba ta da sassauci: ba a neman gudummawar taro a wurin wanda za a karrama. In ya biya kuɗin rumfa sannan aka miƙa masa firam a ƙarƙashin rumfar, saya ya yi, kuma gari zai faɗa. Shi ya sa ake rufe jerin sunaye kafin a fara karɓar kuɗi. Karo-karon kowane zamani, ɗan abin da APEE za ta iya, da taimakon 'yan kasuwar da ba sa cikin jerin, ya isa. Kowane sefa ya shiga da rasit, ya fita da sa hannun mutum biyu. Wanda ya turo ta waya a rubuta sunansa ran nan, a kuma sa kuɗin cirewa cikin lissafi, don shi ne ƙaramin giɓin da ke jawo zargi.

In kuɗi ya gaza, a rage abinci, kada a rage kyauta ko lasifika. Ruwan sanyi da zoɓo da ƙosai ko ɗan kilishi sun fitar da ku kunya. Rumfa ta gagara? Inuwar dalbejiya da bencinan aji suna nan, sai dai a fara da ƙarfe takwas.

8. Sanar da masu karɓa, takardar shaida da kyauta

Kowane mai karɓa a je masa gida wata ɗaya kafin taro. Akwai wanda zai ce don Allah ya yi, ba ya son a faɗa a bainar jama'a. Kada ku matsa masa; ku kai masa takardarsa gida a cikin sirri. Matar aure a bi ta hannun maigidanta, in ba za ta fito ba ta wakilta ɗanta ko ƙaninta. Na mamaci kuwa iyalinsa za su zaɓi mai karɓa, ba ku ba, musamman gidan da ke da ɗaki fiye da ɗaya.

Suna a kwafe shi daga katin shaidar ɗan ƙasa, harafi da harafi. Mu muna cewa Umaru da Hadizatu, amma a takardunsa Oumarou ne, ita kuma Hadidjatou, kuma haka suke son gani a bango. A tambayi kowa laƙabin da yake so a sa, Alhaji ko Hajiya ko Modibbo ko Dakta. Mutum biyu su karanta kafin a kai wa mai bugawa, a kuma buga takardu biyu na rara marasa suna. Kada ku kira abinku lambar girma ta ƙasa ko ku kwaikwayi siffarta, wannan hurumin gwamnati ne. Taku takardar godiya ce daga makaranta, da sa hannun shugabanta da na shugaban ƙungiya.

Kyauta ta dace da mai karɓa. Babban ma'aikaci firam da jakar fata ta Marwa sun ishe shi. Tsohon maigadi kuwa, firam kaɗai ba zai yi masa komai ba. A haɗa masa da yadin shadda da buhun shinkafa ko kuɗi a ambulan, a kai masa gida. Amma firam ɗin kowa ya zama iri ɗaya, girma ɗaya.

Sai bayanin da za a karanta a kan kowa, kada ya wuce minti ɗaya. A bar "gwarzo" da "haziƙi", a faɗi abin da ya faru. Misali: "Wannan baiwar Allah ta saukar da yaran ƙauye a gidanta tun kafin a yi wa makarantar nan katanga. Cikin waɗanda suka ci tuwonta akwai malamai biyu da ke zaune a nan yau. Muna roƙonsu su miƙe."

9. Ranar taro

A gwada lasifika da janareto tun jajibiri, a kafa rumfuna yadda rana ba za ta shigo wa baƙi ta fuska ba. A manna suna a kujerun layin gaba. Wakilin gwamnati mafi girma shi ke shugabantar zama, shi ke zuwa a ƙarshe, kuma shi ke magana a ƙarshe. In ba ka san jerin girma ba, ka tambayi ofishin su-furefe, aikinsu ne. Masu karɓar lambar yabo a ba su rumfarsu daban, kusa da tebur, duka a layi ɗaya, mai ƙosai kusa da darakta. A sa wa kowane tsoho ɗalibi ɗaya da zai riƙe masa hannu.

Tsari: taken ƙasa, addu'a in shugaban makaranta ya amince, limami da fasto kowa minti biyu, maraba daga shugaban makaranta, ɗan wasan ɗalibai, miƙa lambobi, godiya daga mutum ɗaya a madadin duk masu karɓa, jawabin babban baƙo, hoto. Awa biyu da rabi, a tashi kafin azahar. Ku fara miƙawa da mutanen gari tun jama'a suna cike kuma manya ba su fara duba agogo ba.

Mai gabatarwa ya zama mai jin Faransanci da Fulatanci da Hausa. In a Kusuri ne, can iyakar Chadi, a ƙara da Larabcin Shuwa. Jawabai na iya tafiya da Faransanci, amma bayanin kowane mai karɓa a maimaita shi da harshen da yake ji. In babu mai haɗa harsunan, a ɗauki biyu, kada a ƙara na uku.

Maroƙa za su zo ko ba a gayyace su ba. Korarsu rigima ce, sakinsu kuma ya fi, don za su wasa mai kuɗi su danne muryar mai karanta bayanin talaka. Ka sami shugabansu tun da safe, ka sallame shi, ku yi yarjejeniya: lokacin shigowar Lamiɗo da bayan hoto nasu ne, tsakani kuwa shiru. Haka nan kada a buɗe gidauniya a tsakiyar miƙa lambobi. Wanda zuciyarsa ta motsa yana son ya yi alkawari, ga sakatare can gefe da littafi.

10. Bayan an watse

A kirga kujeru a mayar ran nan, ɗalibai su share fili. Cikin mako guda a kai takardun waɗanda ba su samu zuwa ba, hannu da hannu, a wanke wa kowane mai karɓa hotonsa ɗaya a kai masa, domin tsofaffi da yawa ba su da wayar da za a tura musu. A rubuta wasiƙar godiya ga su-furefe da fada. Cikin mako biyu ma'aji ya fitar da lissafi dalla-dalla, abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage, a manna a allon makaranta, a tura zaurukan WhatsApp. Sunayen waɗanda aka karrama da shekarar a rubuta su a allon katako a ofishin shugaban makaranta, a bar fili a ƙasa. Littattafan nan biyu kuwa, da jerin sunayen da aka ajiye, a damƙa su ga sabon kwamiti a gaban shaidu, su sa hannu sun karɓa.